Rainon Matasan Kwatabak a Ƙwallon Amurka: Me Ya Sa Haƙuri Yake Wuya?

A watan Afrilun 2021, ƙungiyoyi biyar na gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, sun ɗauki matasa biyar masu buga gurbin kwatabak a cikin mutum 15 na farko da aka zaɓa: Trevor Lawrence, Zach Wilson, Trey Lance, Justin Fields da Mac Jones. Magoya bayan kowace ƙungiya sun yi ta murna, suna ganin an samo wanda zai riƙe musu ragama shekara goma ko fiye. Kafin a fara kakar wasa ta 2024, huɗu daga cikin biyar ɗin sun riga sun bar ƙungiyoyin da suka ɗauke su, an musanya su da abin da bai taka kara ya karya ba. Lawrence kaɗai ya rage a inda ya fara.

A wannan kakar ta 2024 kuma, wasu mutum biyu da aka daɗe da fidda tsammani a kansu, Sam Darnold da Baker Mayfield, suka shiga sahun waɗanda suka fi taka rawar gani a gasar. Darnold ya jagoranci Minnesota Vikings ta ci wasa 14 cikin 17, alhali shekara uku kafin nan New York Jets ta rabu da shi tana ganin ba zai tsinana komai ba.

Nan ruɗanin yake. Wasu na cewa masu farautar 'yan wasa ba su iya zaɓe ba. Wasu na ɗora laifin a kan jami'o'i, cewa suna turo yara da ba su nuna ba. Wasu kuma na ganin ƙungiyoyin ne da kansu ke lalata matasan da gaggawa. Kowace magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba a fahimtar lamarin sai an san aikin da ake ɗora wa matashin, da irin agogon da ke bugawa a kansa.

Wane ne kwatabak?

Ƙwallon Amurka daban take da tamaular da aka saba kallo a gasar Ingila ko Sifen. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, kuma da hannu ake yawancin wasan. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu don ya matsa gaba yadi goma. In ya cika, sai a ba shi wasu huɗu. Idan aka kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya an ci maki shida, shi ake kira tacdawun.

Kwatabak, kalmar da aka aro daga Turanci, shi ne jagoran masu kai hari. A farkon kusan kowane yunƙuri hannunsa ƙwallo ke fara shiga. Shi ke sanar da abokan wasansa dabarar da za a yi, shi ke duba yadda masu tsaron baya suka jeru ya canza dabarar in ya ga ba za ta ɓulle ba, sannan shi ke yanke shawarar ko ya miƙa ƙwallo ga mai gudu, ko ya jefa wa ɗaya daga cikin masu cafewa, ko ya ruga da kansa. Mutum biyar ne ke tsaye a gabansa suna kare shi, za a iya kiran su 'yan katanga. A ɗaya gefen akwai ƙarti masu nauyin fiye da kilo 110 da ba su da wani buri sai su kai shi ƙasa. Yawanci bai fi sakan uku gare shi ba kafin su iso.

Abubuwa biyu ne ke zame masa musiba. Na farko kayarwa, wato a kai shi ƙasa ƙwallo na hannunsa kafin ya jefa. Na biyu ƙwace, wato ya jefa ƙwallo abokin hamayya ya cafke.

Sai kuma diraf, tsarin da ƙungiyoyi 32 na gasar ke bi kowane watan Afrilu wajen rabon matasan da suka fito daga jami'o'i, a zagaye bakwai. Ƙa'idarsa ita ce ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. An yi hakan ne don a daidaita ƙarfi, kuma yana da kyau ta wannan fuskar. Sai dai yana haifar da wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan: matashin da ya fi kowa hazaƙa yakan faɗa gidan da ya fi kowane lalacewa. Cleveland Browns ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin 16 a kakar 2017, ita ce kuma ta ɗauki Mayfield a matsayi na farko a 2018.

Ratar da ke tsakanin jami'a da NFL

Babu makarantar horar da yara ta ƙungiya a NFL kamar yadda ake da su a tamaular Turai. Jami'o'i ne ke wannan aiki, kuma kocin jami'a yana neman cin wasansa ne na ranar Asabar, ba damuwarsa ba ce ya shirya wa wata ƙungiya ɗan wasa. Don haka jami'o'i da yawa na amfani da dabaru masu sauƙi da sauri: a baza masu cafewa a faɗin fili, a gaya wa kwatabak daga bakin layi inda zai fara dubawa, in wurin a buɗe yake ya jefa. Ga kuma bambancin ƙarfi tsakanin manyan jami'o'i da ƙanana, wanda ke sa mai cafewa ya tsere wa mai tsaronsa da tazara mai yawa.

A NFL wannan tazara takan koma taku ɗaya ko rabi. Dole kwatabak ya saki ƙwallo kafin mai cafewa ya juyo, ya jefa inda mutum zai kasance, tun bai isa wurin ba. Masu tsaron baya kuma ƙwararru ne wajen ɓad da kama: su nuna tsari ɗaya kafin a fara, su rikiɗe zuwa wani da zarar ƙwallo ta motsa. Koci na iya yi wa kwatabak magana ta wata 'yar na'ura da ke cikin hular kwanonsa, amma ana katse layin idan sakan 15 suka rage a agogon sakan 40 da ke tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Daga nan shi da idonsa ne.

Irin wannan karatu ba ya shiga sai da maimaici, ga shi wurin maimaicin ƙunci gare shi. Wasa 17 kacal ake bugawa a kaka kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda ɗan tamaula a Ingila ke da 38 a gasar lig kaɗai. Kwatabak ɗaya ne ke fili, ba a saba sako matashi ya buga mintin ƙarshe don ya saba ba sai in wasa ya riga ya ƙare a zahiri. Ba a ba da ɗan wasa aro ga wata ƙungiya. Gasar NFL ta Turai, inda Kurt Warner ya goge a Amsterdam a 1998 kafin ya lashe Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofin NFL, da Rams a kakar 1999, an rufe ta tun 2007.

Yadda kuɗi ya gajarta wa'adi

Wanda ke son sanin dalilin da ya sa haƙuri ya ragu, ya dubi yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa suka sa wa hannu a 2011.

Kafin wannan shekara, matashin da aka zaɓa da farko yakan karɓi kuɗin da ya fi na tsofaffin hannu tun bai taka fili ba. Sam Bradford, na farko a 2010, ya sa hannu kan kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78, wanda aka lamunce masa miliyan 50 a ciki ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a ƙarƙashin sabon tsari, Cam Newton ya samu kimanin dala miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga lokacin, albashin sababbin shiga ƙayyadadde ne: shekara huɗu, kuma ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko ƙungiya na da damar ƙara shekara ta biyar, amma sai ta yanke wannan shawara bayan kaka ta uku.

Wannan sauyi ya taɓa haƙuri ta hanyoyi biyu. Da farko, rabuwa da matashi ta yi araha. A da, ƙungiyar da ta zuba miliyan 50 ba ta da zaɓi sai ta jure. Haƙurin dole ne, amma dai haƙuri ne. Yanzu Arizona Cardinals na iya ɗaukar Josh Rosen a matsayi na 10 a 2018, ta tura shi Miami bayan kaka ɗaya tak, ta ɗauki Kyler Murray a matsayi na farko a 2019, ba tare da asusunta ya girgiza ba.

Hanya ta biyu ta fi zurfi. A NFL akwai iyakar da aka gindaya wa kowace ƙungiya kan jimillar albashin 'yan wasanta. A 2024 iyakar ta kai dala miliyan 255.4. A watan Satumbar wannan shekara Dallas Cowboys ta ba Dak Prescott kwantiragin da matsakaicinsa ya kai miliyan 60 a shekara. Shi kuwa Caleb Williams, na farko a diraf ɗin 2024, kimanin miliyan 39 ya samu na shekara huɗu gaba ɗaya. Ke nan ƙungiyar da matashinta ke taka leda da kyau tana da rarar miliyoyin da za ta sayi 'yan katanga da masu cafewa da masu tsaron baya. Seattle Seahawks ta nuna wa kowa amfanin wannan lokacin da ta lashe Super Bowl a kakar 2013 da Russell Wilson, wanda aka ɗauka a zagaye na uku kuma yake shekararsa ta biyu. Tun daga nan manajoji ke kallon shekaru huɗun farko a matsayin taga da ke rufewa. Duk shekarar da matashi ya yi a benci, a lissafinsu, an zubar da rubu'in garaɓasar.

Akwai wani sashe na yarjejeniyar 2011 da ba a cika ambata ba. Don kare lafiyar 'yan wasa, an hana atisaye mai tsanani sau biyu a rana a sansanin share fage, an taƙaita atisayen da ake sa cikakkun kayan kariya zuwa 14 a tsawon kaka, an kuma rage shirin horon lokacin hutu zuwa mako tara. A 2021 wasannin share fage suka koma uku maimakon huɗu. Matakai ne masu kyau ga jikin 'yan wasa, babu mai hankalin da zai yi jayayya da su. Amma sun zo daidai lokacin da ake buƙatar matashi ya nuna da wuri, sai aka rage masa sa'o'in karatu aka kuma matso da ranar jarrabawa.

Agogon koci da na manaja

Ba a faɗawa ƙaramar gasa a NFL. Ƙungiya na iya shan kashi shekara uku a jere ta ci gaba da karɓar kasonta na kuɗin talabijin. A ƙa'ida, wannan ya isa ya sa ta iya jira. Amma ƙungiya ba ita ke tsaye a bakin layi ba, mutum ne mai iyali da kwantiragi. Litinin ɗin da ke biyo bayan wasan ƙarshe na kaka har laƙabi gare ta, baƙar Litinin, saboda yawan kociyoyin da ake sallama a ranar.

Kocin da ya san kujerarsa na rawa zai jefa matashi fili don ya sayi lokaci, ko ya cire shi bayan wasa biyu don ya ceci kansa. In aka kore shi, sabon da ya zo yakan zo da littafin dabarunsa da kalmominsa, kuma ba shi ya zaɓi yaron ba, don haka ba ya jin nauyinsa. Mayfield ya yi aiki a ƙarƙashin manyan kociyoyi huɗu a shekarunsa uku na farko a Cleveland. Alex Smith, na farko a 2005, ya samu sabon mai tsara hari a kowace shekara cikin shekarunsa biyar na farko a San Francisco. An kori kocin Lawrence bayan wasa 13, na wani matashin kwatabak, Bryce Young, bayan 11. Williams kuwa an sallami mai tsara harinsa da babban kocinsa duka a watan Nuwamban shekararsa ta farko, aka kuma kayar da shi sau 68. Idan aka zo auna irin waɗannan matasa, da wuya a bambance abin da ya gaza daga gare su da abin da aka gaza ba su.

Benci ko fili: ra'ayoyi biyu

Tsohuwar muhawara ita ce ko matashi ya fara da zama yana kallo, ko a tura shi fili tun ranar farko.

Masu goyon bayan benci suna da hujjoji masu nauyi. Green Bay Packers ta ɗauki Aaron Rodgers a 2005, ya zauna shekara uku a bayan Brett Favre, ya fara a 2008, ya lashe Super Bowl a kakar 2010, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar sau huɗu. Ƙungiyar ta maimaita haka da Jordan Love: ta ɗauke shi a 2020, ya jira shekara uku, ya karɓi ragama a 2023 ya kai ta zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Patrick Mahomes wasa ɗaya kawai ya fara a 2017 yana bayan Alex Smith a Kansas City. A 2018 ya jefa tacdawun 50 ya zama gwarzon shekara. Hujjarsu ta yi kama da ta tsofaffin direbobi game da yaron mota: ya daɗe a gefe yana ganin yadda ake shan kwana da hawan tudu da kaya, kafin a miƙa masa sitiyari. A wannan zaman ne ake gyara masa tsayuwar ƙafa da sakin ƙwallo ba tare da jama'a na yi masa ihu ba.

Masu cewa a tura shi fili su ma ba su rasa abin nunawa ba. Peyton Manning ya fara duk wasannin 1998, aka ƙwace masa ƙwallo sau 28, adadin da babu sabon shigan da ya kai shi, Indianapolis Colts ta ci wasa 3 ta sha kashi 13. Shekara ta gaba ta ci 13 ta sha kashi 3. Troy Aikman bai ci ko ɗaya ba cikin wasa 11 da ya fara a 1989, daga baya ya ɗaga kofi sau uku da Dallas. A 'yan shekarun nan C.J. Stroud a 2023 da Jayden Daniels a 2024 sun kai ƙungiyoyinsu zagayen sili-ɗaya-ƙwale a shekararsu ta farko. Suna kuma da wata hujja ta aiki da ke da ƙarfi: da zarar kaka ta fara, kusan duk atisayen mako na wanda zai buga ne. Na benci yakan ƙare yana kwaikwayon kwatabak ɗin abokan hamayya don masu tsaron baya su yi gwaji da shi. Zaman benci, in ba a tsara shi da gangan ba, zama ne kawai.

A ganina duka ɓangarorin suna kallon wurin da ba nan matsalar take ba. A dubi waɗanda suka zauna suka yi nasara. Kansas City ta ci wasa 12 a kakar da ta gabaci ɗaukar Mahomes, sai da ta ba da wasu zaɓuɓɓukanta ta hauro daga matsayi na 27 zuwa na 10 kafin ta same shi, kuma Andy Reid, ɗaya daga cikin ƙwararrun malaman wannan gurbi, shi ne kocinta. Green Bay ta ci 13 kafin ta ɗauki Love. Waɗannan ƙungiyoyi sun iya ajiye matashi ne saboda gidansu a gine yake. To bencin ne ya raine su ko gidan?

Haka abin yake a ɗaya gefen. Manning da David Carr duk an zaɓe su a matsayi na farko, duk sun fara tun wasan farko. An kayar da Manning sau 22 a shekararsa ta farko, yana da Marvin Harrison a cikin masu cafe masa, kuma mai tsara harinsa, Tom Moore, ya zauna da shi fiye da shekara goma. Carr ya je Houston Texans a 2002, sabuwar ƙungiya da ba ta taɓa buga wasa ba, aka kayar da shi sau 76, adadin da har yau ba a kai ba. Mutumin da ake bugawa da ƙasa haka yakan koyi mugun darasi: idonsa ya bar kallon masu cafewa ya koma kan masu zuwa kansa, ƙafarsa ta fara gudu tun hatsari bai zo ba. Wannan ɗabi'a in ta kama jiki da wuya ta fita. Kuskuren Manning kuskure ne da ake koyon wani abu daga gare shi, domin ya samu damar ganin fili ya yanke shawara ko da ba daidai ba. Carr sau da yawa ko damar yin kuskuren bai samu ba.

Josh Allen ya fi kowa nuna yadda haƙuri mai aiki yake. Buffalo Bills ta ɗauke shi a 2018 yana da ƙarfin hannu amma ba saiti. Kashi 52.8 cikin ɗari na jifansa ne suka isa hannun abokan wasansa a shekarar farko, 58.8 a ta biyu. Mutane da yawa sun riga sun rufe littafinsa, domin an daɗe ana ganin saiti ba abin da ake koya wa babba ba ne. Ƙungiyar ta bar masa koci ɗaya da mai tsara hari ɗaya, Brian Daboll, ta ƙarfafa katangarsa, ta kawo masa Stefon Diggs a 2020, shi kuma ya duƙufa gyaran jifansa a lokacin hutu. A shekara ta uku adadin ya kai 69.2, a kakar 2024 kuma ya zama gwarzon gasar. Baltimore Ravens ta bi wata hanyar da Lamar Jackson: maimakon ta tilasta shi ya zama irin kwatabak ɗin da aka saba, sai ta rushe tsarin harinta ta gina sabo a kan saurin ƙafarsa, ya zama gwarzon shekara a 2019 ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba.

Waɗanda aka yasar suka farfaɗo

Shaida mafi ƙarfi cewa ana saurin yanke hukunci ita ce yawan waɗanda suka gyaru bayan sun canza gida ko malami. Jared Goff ya sha kashi a duk wasa bakwai da ya fara wa Rams a 2016. Da Sean McVay ya karɓi Rams a 2017, cikin shekara biyu suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl. Geno Smith ya shafe shekaru yana zaman benci a ƙungiyoyi daban-daban kafin Seattle ta ba shi dama a 2022 yana da shekara fiye da 30. Mayfield ya ratsa Carolina da Rams a shekara ɗaya kafin ya samu wurin zama a Tampa Bay, inda ya jefa tacdawun 41 a 2024. Darnold ya yi shekarar 2023 yana mataimaki a San Francisco, a ƙarƙashin Kyle Shanahan, kafin ya je Minnesota.

Abin takaici a nan shi ne ƙungiyar da ta sha wahalar shekarun kuskure ba ita ke cin moriyar ba. Jets ta yi amfani da zaɓi na uku a kan Darnold, ta yi amfani da na biyu a kan Zach Wilson don ya maye gurbinsa, ta rabu da dukansu.

Inda haƙuri ke zama asara

Ba adalci ba ne a ce duk wanda ya gaza ƙungiya ce ta cuce shi. Ryan Leaf, wanda aka ɗauka daf da Manning a 1998, da JaMarcus Russell, na farko a 2007, ba wanda ya yi nazarin tarihinsu da zai ce ƙarin shekara biyu ne suka rasa. Rosen ya zaga ƙungiyoyi da dama bayan Arizona bai kafu ko'ina ba. San Francisco ta sadaukar da zaɓin zagayen farko har uku don ta samu Lance, rauni ya hana shi buga wasa, sai Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe a diraf ɗin 2022, ya nuna ya fi dacewa. Ƙungiyar ta haɗiye girman kai ta bi wanda ke cin wasa, ta kai Super Bowl a kakar 2023. Da ta nace don kawai ta riga ta kashe dukiya, da ta zalunci sauran 'yan wasan da shekarunsu ke tafiya.

Labarin Daniel Jones ya nuna yadda rashin tsari ke sa har auna mutum ya gagara. A farkon 2022 ɗaya daga cikin masu New York Giants, John Mara, ya amsa a bainar jama'a cewa ƙungiyar ce ta yi ta dagula wa matashin lissafi da yawan sauye-sauye. Ba ta ƙara masa shekara ta biyar ba, sai ya yi kaka mai kyau, ta ba shi dala miliyan 160 na shekara huɗu a 2023, ta sallame shi a Nuwamban 2024. Shekara shida, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma har ya tafi ba a daina gardama kan ko shi ne ya gaza ko gidan ba.

Don haka tambayar da ta dace koci ya yi ba ta yawan wasan da aka ci ba ce kaɗai. Shin kuskuren watan Satumba shi ne na watan Disamba, ko sabo ne? Yana saurin gane abin da masu tsaron baya ke ɓoyewa fiye da da? Idonsa na nan a gaba lokacin da katanga ke rushewa? Manyan 'yan wasa na sauraronsa? Waɗannan ana ganin su a faifan wasa tun kafin su bayyana a allon maki. Inda suke ƙaruwa, jira na da dalili. Inda shekara uku suka wuce a tsari ɗaya da malami ɗaya ba su motsa ba, ƙungiya ta yi abin da ya wajaba a kanta.

Abin da zai iya biyo baya

Buƙatar ba ta raguwa: a diraf ɗin 2024 an ɗauki kwatabak shida a cikin mutum 12 na farko. Amma wasu abubuwa na sauyawa. Tun 2021 'yan wasan jami'a na da damar samun kuɗi da sunansu, sauya makaranta ma ya yi sauƙi, don haka wasu na daɗewa kafin su shiga diraf. Daniels ya yi kaka biyar a jami'o'i biyu. Bo Nix ya fara wasa 61 kafin Denver Broncos ta ɗauke shi. A kwatanta da Anthony Richardson, wanda Colts ta zaɓa a matsayi na huɗu a 2023 bayan ya fara wasa 13 kacal a jami'a, ya kuma yi ta fama da rauni da zaman benci. Akwai alamar cewa wani ɓangare na rainon da NFL ta kasa yi zai koma jami'a, ƙungiyoyi kuma za su ƙara daraja wanda ya zo da gogewa.

Kasuwar masu neman dama ta biyu ma za ta ƙara tsada, tunda an ga ribarta. Seattle ta ba Darnold kwantiragin shekara uku na kimanin dala miliyan 100 a 2025.

Sannan akwai batun riƙe malami. Mai tsara harin da ya yi nasara da matashi, wata ƙungiya kan ɗauke shi ta naɗa shi babban koci, kamar yadda Giants ta ɗauke Daboll daga Buffalo a 2022. Shi ya sa ƙungiyoyi masu matashin kwatabak suka fi karkata ga naɗa ƙwararren hari a matsayin babban koci, don kada a raba yaro da malaminsa. Chicago Bears ta bi wannan hanya a Janairun 2025 da ta ɗauko Ben Johnson daga Detroit, inda ya yi aiki da Goff bayan Goff ya bar Rams, don ya raini Williams. Agogon kwantiragi dai bai tsaya jiran sabon malami ba: ƙungiyoyi shidan da suka ɗauki kwatabak a zagayen farko na 2024 za su yanke shawara kan shekara ta biyar bayan kakar 2026.